Bitamin Dai

Ni da Hamsatu shekara guda aka haife mu a Bader Goula, tare muka yi kiwon awaki. Amma bara in ka gan mu sai ka ce ita ta goya ni.

Laifin ɗanta Attaher ne, ko da yake don ƙauna ya yi. Da cinikin raƙuma ya karɓe shi, sai ya gina mata ɗakin siminti a nan Dakoro, ya sa kilim mai hura sanyi, ya sa tele don kallo. Ya ce, "Inna, kin sha rana ya isa haka." Ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Ni kuma ya hana ni shiga, wai ina kwasar maganar gidansa. Ƙarya ne, rabi kawai nake kwasa.

Shekara uku, Hamsatu ta lanƙwashe. Ranar da na faki idonsa na shiga, na iske ta tana salla a zaune. Da ta sallame ta ce, "Ƙawata, in na yi sujada ba ni iya tashi. Ba na son in koma ga Allah ban ƙara tsayawa gabansa ba."

Attaher ya kai ta Maradi aka ɗebi jini. Ranar da zai kai takardar wurin lokotoro Lailatu, likitarmu ta nan gari, na faɗa bayan mota ba da gayyata ba.

Lailatu ta duba ta ce, "Bitamin D ne ya yi mata ƙaranci." Da bakinsu na 'yan lakwal masu karatun Faransanci, "de" suke kiran harafin.

Na ce, "Wane bitamin?"

"Bitamin de, Inna."

"Na ji bitamin dai! Amma wanne? Yarinya, ko kin manta karatun ne?"

Sai da ta dafe ciki don dariya. Ta ce jiki ke haɗa shi in rana ta taɓa fata, rashinsa na raunana ƙashi da ƙarfin ƙafa. Wai har masu bincike na duba ko yana rage saurin tsufa, amma ba su gama ba tukuna.

Attaher ya ce, "Rashin rana? A Dakoro?"

Lailatu ta nuna ni. "Wannan tsohuwar, ina take wuni?"

Ya ce, "Gida-gida, tana tsegumi."

"To ga ƙwayoyi, a ba ta madara da ƙwai. Kuma kullum da hantsi, kafin rana ta yi zafi, ta bi wannan."

Na ce, "Ka ji ko, ɗan nan? A farmasi za ka saye ni, ko a nan za mu shirya?"

Ranar farko bakin ƙofa kawai muka kai. Sai na koyi dabara: in fara mata labari in tsaya a tsakiya. "Kin san abin da surukin Hamma ya ɓoye a rumbu? Sai mun kai gindin aduwar can." Tana zagina tana jan ƙafa.

Wata huɗu muna haka. Fuskarta ba ta koma ta budurwa ba, ni ma ban ce ba. Amma shekaranjiya da azahar, muna salla a tsakar gidanta, na ɗago daga sujada na ji kafaɗa ta gogi tawa. Hamsatu ce, tana rawar gwiwa, a tsaye.

Da muka sallame ta riƙe hannuna. "Kada ki faɗa wa kowa tukuna."

Kafin la'asar Attaher ya ji a kasuwar dabbobi, ya shigo da gudu takalmi a hannu.