Ranar da Ilyasu Ya Ɓata a Fakonmu

Ɗana Ilyasu ya dawo daga Abijan da magana ɗaya a bakinshi: in tattara tsummokarana in bi shi. Wai na tsufa, wai babu komi a Ibohamane sai duwatsu. Ni Hajo, in bar ɗakina da awakina in tahi zaman bene? Haba!

Da ya ga na ƙiya, sai ya ɗauko tarho yana nuna mini wani kurmi na can. Itace har sama, rana ba ta taɓa ƙasa.

"Inna, biya muka yi jagora ya shiga da mu," in ji shi. "Da tsada, amma ba mu yi asara ba. In kin zo sai in kai ki."

"Biya kuka yi don ku ga itace?"

"In babu jagora, ɓata mutum yake yi."

Na ce to, gobe ya raka ni fakon bayan gari. Ya yi dariya. Shi fakon da ya sani ƙwal yake, inda ya yi kiwo yana yaro. Tun da ya tahi ci-rani, in ya zo gida ba ya wuce masallaci da majalisar shayi. Bai san abin da mu mata muka yi ba zamanin furoje, aikin nan na dashen itace: da kai muka ɗauki duwatsu muka jera, muka gina ramu, muka dasa.

Da hantsi muka hau. Bagaruwa, ɗakwara, aduwa, magarya, duk sun haɗe kai. Ya yi gaba da takalminshi mai sheƙi, wai zai nuna mini dutsen da yake zama wurin kiwo. Na ƙyale shi, na nemi inuwa na miƙe ƙafa.

Can sai na ji, "Inna! Inna!"

Na gyara zama abina. Wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Sai da muryar ta fara rawa sannan na tashi. Na iske ƙaya ta riƙe mishi riga, zufa sharkaf, yana neman gari gabas alhali gari na bayanshi.

"Inna, wa ya shuka wannan duka?"

Na zame kallabi na nuna mishi tsakiyar kaina, inda dutse ya cinye gashi. Ya daɗe yana kallo, idonshi ya kawo ruwa.

"To, kai ka ce jagora biyanshi ake yi," na ce. "Biya ni in hid da kai."

Ya sa hannu aljihu. Na ce ya mai da abinshi.

"Ka bar ni garinmu. Shi ne kuɗina."

"Na bar ki, Inna."

Na shige gaba, ƙaton mutum yana biye da ni kamar ɗan akuya. Bana ya aiko ɗiyanshi hutu, wai in shiga da su kurmina.