Mashigin Orasa

Shanya kawai Marsaili ta fita yi. Da ta dawo, kunun Tormod yana kan tebur bai taɓa shi ba, kujerarsa ta bakin murhu babu kowa, ƙofar baya kuma a buɗe iska tana buga ta.

Tormod yayanta ne. Su biyu suka rage a gidan ubansu a Ranabost, ƙauyen da ya jingina da tudu yana fuskantar teku. Shi bai taɓa aure ba, ita kuma ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. A 'yan shekarun nan hankalinsa ya fara zubewa kaɗan-kaɗan, har ya kai wata rana ya san ta, wata rana ya tambaye ta wace ce. Ƙarfin jiki kuwa yana nan, domin mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan ragar kamun kifi.

Ta leƙa garken tumaki, ta zagaya bayan gida tana kira. Sai da ta ga babu takalman ruwansa a bakin ƙofa ta gane teku ya nufa. Ta gangara bakin teku da gudu, ga sawunsa nan manya a kan jiƙaƙƙen yashi, sun miƙe sak sun nufi Orasa.

Ba a zuwa tsibirin Orasa a ƙafa sai teku ya janye, kamar yadda yake yi sau biyu a rana kafin ya dawo ya cika. Babu mai zama can tun zamanin da mai ƙasa ya kori kakanninsu ya zuba tumaki. Kufai ne kawai, da tsohon coci, da maƙabartar da har yau mutanen Ranabost suke kai gawa. Tun safe ruwa ya janye, kuma Marsaili ta san ya riga ya juyo.

Eachann, ɗan kawunta, yana loda ciyawar teku a taraktarsa. Ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Ke tsohuwa, wa ya biyo ki?" in ji shi. "Rabona da ganin gudunki tun ranar da ragon limamin coci ya kore ki cikin kwata."

"Bar wasa, Eachann. Yaya ya tafi Orasa."

Ya dubi teku, ya dube ta, dariyar ta ɗauke. "Hau," ya ce.

Ba su yi nisa ba hazo ya taso daga yamma ya rufe tsibirin. Eachann ya rage gudu yana bin turakun da aka kakkafa don nuna hanya, Marsaili tana tsaye a bayansa ta riƙe kafaɗarsa, idonta a kan sawun. Can suka iso mashigin, wato kwarin da ruwa yake fara cikawa. Ruwa yana gudu a ciki, sawun kuma ya shiga bai dawo ba.

"Nan ne iyakata," in ji Eachann. "In na sa tarakta a ciki yashi zai haɗiye mu duka. Ki zauna, ni zan haye."

"Ka haye ka yi me? Ba kai ya kora da sanda ba ran Lahadi, yana cewa ɓarawo? Ni kaɗai yake saurara."

"Wani lokaci."

"Wani lokacin ma ya fi babu. Koma ka nemi mai jirgi."

"Marsaili, ruwan nan zai kai miki ƙugu."

"To kana ƙara surutu yana ƙara hawa."

Ya cire rigar ruwansa ya yafa mata. Ta shiga. Sanyin ya soke ta har ƙashi, yashi yana zamewa a ƙarƙashin ƙafarta, ruwa yana janta gefe kamar mai hannu. Ba ta dubi ƙasa ba, ta kafa ido a kan turken da ke gaba tana kiran sunan Ubangiji. Da ta taka duwatsun Orasa ta waiwaya, ba tarakta, ba Eachann, sai ƙarar inji tana nisa.

Maƙabarta ta fara zuwa, tana zaton ya je kabarin mahaifiyarsu. Ba ya nan. Ta shiga cocin da ba shi da rufi, nan ma babu. Ta yi kira har muryarta ta dushe. Sai ta ji ƙarar dutse yana bugun dutse daga wajen kufai.

Yana tsaye a cikin kangon gidan kakar kakarsu, yana ɗora duwatsu a kan bangon da ya rushe.

"Sai yanzu?" ya ce, ko kallonta bai yi sosai ba. "Bangon nan ba zai kai damina ba."

"Sannu da aiki, Yaya."

Ya karkaɗe hannu ya dubi sama. "Rana ta yi. Mu tafi gida, shanu suna jira."

Rabonsu da shanu tun mahaifinsu yana da rai. Kafin ta buɗe baki ya kama hanyar mashigi da irin tafiyarsa ta dā. Ta bi shi tana haki. Inda ta haye ɗazu yanzu teku ne sosai, har turakun sun nutse.

"Yaya, ruwa ya cika. Mu jira."

"Wane ruwa? Nan ko yaro ya wuce."

Ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya fizge, ta faɗi a kan duwatsu, ta ji wuyan hannunta ya yi ƙara. Da ta ɗago, ruwa ya kai masa gwiwa.

Ba ta san daga ina maganar ta fito ba. "Yaya! Na ɓata! Ban san inda nake ba!"

Ya tsaya.

"Wancan dutsen mai baki biyu, mene ne sunansa? Na manta."

Ya juyo yana dubanta da haushi, irin duban da yake yi mata tun suna yara in ta yi wauta. "Dutsen Gwauruwa ne ba ki sani ba? Kai, mata! Zo nan kafin ki faɗa rami."

Ya fito ya kama ta, ya shiga gaba. Ya nuna mata Rijiyar Ronan inda ake wanke idon jarirai, da Tudun Masu Gadi inda mutanen farko suka gina hasumiyar dutse suna tsaron jiragen 'yan hari. Ya kai ta Gaɓar Kuka, ya ce daga nan aka loda kakanninsu a jirgi, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kowane kango ya faɗi mai shi da sunan ubansa. Mutumin da ba ya gane cokali a gida, nan bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

Amma tsibirin ƙarami ne. Duk sanda ya ji ƙarar igiyar ruwa sai ya juya ya ce shanu, ita kuma ta yi maza ta nuna wani abu. Da sunayen suka ƙare ta koma kan Dutsen Gwauruwa, tana fatan kada ya gane. Bai gane ba, ya sake zaginta ya sake farawa. Hannunta ya kumbura, haƙoranta suna haɗuwa, jiƙaƙƙen siket yana manne mata a ƙafa. Tana ta lissafi a zuci: in ƙafarta ta gaza kafin ruwa ya janye, wa zai riƙe shi?

Wajen tsakar rana ta ji injin jirgi a cikin hazo. Ya matso, ya tsaya, ya zagaya. Ta yi ihu iyakar ƙarfinta. Duwatsun Orasa ba sa barin jirgi ya raɓe su a irin wannan yanayi, ta san haka, amma da ƙarar ta yi nisa sai da hawaye suka zubo mata.

Yayyafi ya sauko, ta lallaɓa shi suka shiga cocin suka zauna a jikin bango. Ya zuba wa hannunta ido.

"Marsaili."

Ta ɗago da sauri. Ya daɗe bai kira sunanta ba.

"Me muke yi a Orasa da cikar ruwa?"

"Ziyara muka zo."

"Ba ki iya ƙarya ba, tun kina ƙarama." Ya taɓa kumburin a hankali. "Ni na yi wannan?"

"Faɗuwa na yi."

Ya jinjina kai. "Ki daina biyo ni, ƙanwata. Wata rana zan ja ki mu tafi tare."

Ta jingina da kafaɗarsa, ta sa hannunta mai lafiya ta damƙe gefen rigarsa, ba ta saki ba har ya fara gyangyaɗi.

Da la'asar sakaliya hazo ya yaye, kan turakun ya fara bayyana. Ruwa bai gama janyewa ba ta hango taraktoci biyu a bakin mashigi da mutane tsaye. Eachann ne ya fara hayewa, yana ɗauke da bargo da shayi, yana faɗa tun daga nesa cewa ta tsufar da shi a yini ɗaya. Tormod ya gaishe shi da ladabi kamar baƙo, ya hau tarakta ba gardama.

A asibiti aka ce ƙashin ya tsage, aka ɗaure mata. Eachann ya sa sakata a ƙofar baya, matan ƙauye suka riƙa karɓar ta zama da Tormod. Duk da haka kafin lokacin kaka ya zo, ya sake fita sau biyu, na biyun a bakin ruwa aka kamo shi. Da sanyi ya shigo Marsaili ta yarda aka kai shi gidan kula da tsofaffi a garin da ke gabashin babban tsibirin da ƙauyensu yake. Ta roƙa aka ba shi ɗakin da tagarsa take kallon tudu, ba teku ba.

Takan hau motar safe ta je ta gan shi, ta kai masa gurasar da ta gasa. Ran da ya gane ta sukan yi hira. Ran da bai gane ta ba, sai ta zauna ta yi saƙarta har lokacin motar yamma.