Fuskokin da Rana Ta Sha

Ranar Talata ce. Ruwa ya kwana yana zuba, da gari ya waye kuma rana ta fito da zafinta kamar wadda aka tsokana. Ina tsaye a ƙofar ɗakina ina goge baki, sai na ji tsohon maƙwabcina, Mai Faifai, yana ihu daga kan gadonsa.

"Kada ku sa su a rana! Na ce kada ku sa su a rana!"

Babban ɗansa, Mai Taya, ya fito rungume da jiƙaƙƙen kwali, gindinsa na yagewa. Matarsa na biye da wani.

"Baba, faifai ne fa, ba ƙanƙara ba," in ji shi. "Rufinka ya yi yoyo, komai ya jiƙe. So kake su yi funfuna?"

"A inuwa za a—"

"Inuwa ba ta busar da komai. Kwanta ka huta." Ya hango ni. "Kai, Ba-Zama, zo ka riƙe mini tsani."

Haka ake kirana a layinmu, don na bar makaranta, na bar gareji, na bar shagon ɗinki, na bar wankin mota. Na riƙe tsanin. Mai Taya ya hau rufin kicin, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma, ya dinga zare fayafayan daga rigunansu yana jerawa. A ganinsa ma hankali ya yi. Tun yana yaro yake shan ranƙwashi a kan kada ya bar gefe mai ƙyalli a fili, don haka duk ya kife shi ƙasa, ya bar gefen hoto yana kallon sama. Da ya sauko na hau na leƙa. Rufin ya cika da fuskoki: amare, angwaye, jarirai, 'yan makaranta da hulunan gama karatu, duk sun zuba wa rana ido.

A zamaninsa Mai Faifai shi ne mai ɗaukar bidiyon duk wani taro na yankinmu. Abin taƙamarsa shi ne bai taɓa sa biro a jikin faifai ba. "Biro na ɓarayin fim ne," haka yake cewa. Yana da wata na'ura da wasu fayafayai na musamman masu baya ruwan zinariya. In ya gama ɗora bidiyo sai ya fito da faifan, ya juya shi, ya mayar da shi a kife. Wani siririn haske da ake kira leza ya yi ta zagaye a ciki yana ƙona hoto da suna a bayan faifan, baƙi-baƙi kamar tabon wuta a jikin katako. Ba tawada, ba manna takarda. Kowane aiki ya yi, yakan ajiye wa kansa ɗaya. Daga baya waya ta zo, aka daina ƙera irin fayafayan, aka daina nemansa. Ya rage shi da kwalayensa da ciwon ƙirji.

Washegari jikinsa ya tsananta aka kai shi asibiti. Ya daɗe can. Ruwa ya ɗauke, rana ta yi ta duka, babu wanda ya tuna da rufin kicin. Ni dai na tuna, amma ba nawa ba ne. Abin da ke raina ɗakinsa ne. Yana da ƙofa ta waje mai kallon titi, ga soket har uku, daidai da shagon cajin waya. Mai Taya ya riga ya ce mini, "Bari dai mu ga abin da Allah zai yi."

Allah ya yi ya dawo da ransa, amma kowa ya gan shi ya san gida aka sallamo shi ya ƙarasa. Ko zama bai yi ba ya ce a sauko masa da kayansa. Ni aka tura. Na same su fayau, rana ta cinye hotunan da sunayen, duk iri ɗaya, kamar an wanke su da sabulu. Wasu ma sun lanƙwashe.

Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya ajiye. Ya ɗauki wani.

"Ina na uwarku?" ya tambayi ɗansa.

"Yana ciki mana. Ina zai je?"

"Wanne ne?"

Mai Taya ya sosa ƙeya. Matarsa ta ce daga bakin ƙofa, "Ai da an rubuta da biro, da yanzu an huta."

Sau ɗaya tak ya taɓa ɗaukar marigayiya matarsa, don ba ta son kyamara. Ranar da ya sayo sabuwa ya gwada ta a tsakar gida, tana shanya kaya. Ya ce ta juyo ta harare shi, ta ce, "Kai dai ba ka da aikin yi, kawar mini da abin nan," sannan ta yi dariya. Wannan dariyar yake son ji kafin ya tafi. Ya faɗa wa ɗansa, ya faɗa wa surukarsa, ya faɗa wa mai kawo ruwa. Da ya rasa mai saurare sai ya juyo kaina.

"Ba-Zama, ka iya sa faifai a na'ura, ko shi ma ka bari?"

Na yarda, don ina son ganin ɗakin da kyau. Kullum da hantsi in shiga, in sa faifai, mu jira. Wani ya yi ƙara kawai na'urar ta tofo shi. Wani ya buɗe da kiɗa, amarya ta taho, sai fuskarta ta tsaya cak ta farfashe gida-gida. Shi kuwa ko a farfashen ya san kowa.

"'Yar mai gyaran rediyo ce. Cire."

"Wannan yaron direba ne yanzu. Cire."

Ni zama wuri ɗaya ba nawa ba ne. Yayin da na'urar ke nishi, sai in miƙe in taka daga ƙofa zuwa bango, ina lissafin inda kantar shagona za ta tsaya. Na ɗauka idonsa na rufe.

"Taku nawa ka samu?" in ji shi.

Na dawo na zauna.

"Zai ishe ka. Amma ka bari in fita tukuna. Kuma ka gyara rufin, yana yoyo ta can."

Surukar ba ta daɗe ba ta fara mita. "Gida ya koma gidan biki. Mutum na jinya ana ta kiɗa, maƙwabta su ce ba mu da tausayi." Ko rabin kwali na farko ba mu ci ba, wata safiya na shiga na tarar teburin wayam. Ba talabijin, ba na'ura, sai shaidar inda suka zauna a cikin ƙura.

"An kai gyara," in ji Mai Taya, bai kalli kowa ba.

"Lafiyarta ƙalau," in ji tsohon.

"To an sayar. Magani ba da faifai ake sayensa ba, Baba."

Tsohon bai yi ihu ba wannan karon, ba shi da numfashin. Bakinsa kawai ke motsi. Mai Taya ya ga abin zai zama magana, ya sunkuya ya zaro faifai ɗaya daga tsakiyar kwali, ya goge shi a rigarsa.

"Ga shi nan ma. Wallahi shi ne, na gane shi. Riƙe abinka."

Mai Faifai ya karɓa. Ya ce in buɗe taga. Ya karkata faifan a hasken, ya juya shi a hankali, ya sake karkatawa. Ya daɗe.

"Kan mutum biyu ne a nan," ya ce. "Ga inuwarsu. Ita kaɗai take a nata."

"To ai kai ne na biyun," in ji Mai Taya. Matarsa ta ƙyalƙyale da dariya a tsakar gida. Ni ma sai da na murmusa.

Tsohon ya miƙa hannu zai mayar da faifan cikin kwali, hannun bai kai ba. Ya bar shi a kan kujerar gefen gado. Da surukar ta kawo magani, a kansa ta ɗora kofin.

Bai sake neman komai ba. Ya juya fuska bango, in an gaishe shi ya ɗaga yatsa. Ranar Asabar da hantsi, ina zaune a dakali ina jin ƙarar cokula daga kicin, surukar ta shiga da ruwa ta fito da shi a hannu. Ta ce a kira mijinta.

Bayan an yi jana'iza, ɗakin bai zama nawa ba. Ƙanen surukar aka ba, yana aski a ciki. Kwalayen kuwa wani mai lambu da ke bayan gari ya kwashe, kyauta, don a samu wuri. Kwanaki na bi ta wajen ina neman aikin lodi. Ya huda kowanne ya ɗaura da zare a kan sanduna, daga wannan gefen lambun zuwa wancan, don tsuntsaye. Na tambaye shi guda nawa ne, ya ce ya ƙirga sanda yake hudawa.

Faifai ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Na'ura ɗaya, talabijin ɗaya. Tsoho ɗaya. Da dariyar mace ɗaya, tana nan a wani layin, tsakanin tumatir da alayyafo, iska na juya ta.