Qingming a Kabarin Madina

Gemu da furfura Sabiru ya koma aji. A saman wani gidan abinci a unguwar Xiaobei, can China, Malama Chen tana koya wa 'yan kasuwa Sinanci, shi kuwa yana kujerar baya kamar buhun da aka manta a sito.

Ba ciniki ya kai shi ba, 'yarsa ce. Matarsa 'yar China ce da ta musulunta ta ɗauki sunan Madina. Da ta rasu, biza ta kora shi Kano, kaka, uwar Madina, ta ɗauke 'yarsu Nusrat zuwa garinsu Shiling. Da ya dawo, yarinya ta yi baki, amma ba Hausa ko ta gaisuwa. So yake ta san shi ne ubanta, iyakarsa ke nan.

Makon nan bukukuwa ake koyo. Chunjie, sabuwar shekara. Zhongqiu, bikin cikar wata. Sabiru yana maimaitawa, bakinsa na aiki, zuciyarsa shiru. Sai Malama ta zo kan Qingming, ranar da dangi ke share kaburbura, su ba mamaci labarin gida. Oho, ashe shi ya sa surukarsa ta aiko ya zo maƙabarta ranar hutun.

Ya je, ana yayyafi. Tsohuwa ta zo da tsintsiya da lemo, Nusrat na riƙe da gefen rigarta, gashin nan an bar shi ya cukurkuɗe don ba wanda ya iya kitso. Sabiru ya ga an jera lemo a kabarin Musulma. Da can da ya yi faɗa. Yanzu ina ƙarfin? Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya jira hawaye, ba su zo ba.

Suka share, suka cire ciyawa. Kaka ta tura yarinyar gaba ta ce ta yi wa mamarta magana.

Nusrat ta tsuguna. A hankali take magana da Sinanci irin na yara, har Sabiru ya ga yana tsintar kalmomi, abin da bai taɓa yi ba. Ta ce ta shiga makaranta. Ta ce haƙorinta ya fita. Ta ce kaka na ciwon ƙafa. Wallahi kowace ya gane, wani ɗan daɗi ya fara motsi a ƙirjinsa.

Sai ta waiwayo ta nuna shi da yatsa.

"Mama," in ji ta, "wannan shushu ɗin ma ya zo."

Wannan ma ya gane. Haka yaran garin ke kiran kowane namiji baƙo, direba ko mai gadi.

Tsohuwa ta sunkuyar da kai, ba ta gyara mata ba. Ta miƙa masa tsintsiya. Sabiru ya karɓa, ya hau share wurin da aka riga aka share.