Sai Kowa Ya Yarda

Ni na kawo dokar, don haka ba ni da wanda zan zarga. Ranar da muka kafa ƙungiyarmu ta masu adawa da yaƙi a bayan shagona na ɗab'i, tsakanin tulin takardu da tsohon injin yankan takarda, na miƙe na ce mu ba za mu yi irin ta jam'iyyu ba, inda masu yawa ke danne 'yan kaɗan. A wurinmu ba a yanke komai sai kowa ya yarda. Mutum ɗaya ya ce "ban yarda ba", magana ta mutu. Aka yi ta mini tafi. A lokacin kaina cike yake da gashi. Gashin ya zube, son a yaba mini kuwa yana nan daram.

Lasifika ake ce mini. Shekara da shekaru duk Asabar muna tsayuwa a shataletalen kasuwa da ƙyallenmu mai rubutun adawa da yaƙi, kuma ni ke magana. An taɓa watsa mana hayaƙi mai sa hawaye, aka kama Dogo, tsohon direban jirgin ƙasa, ya kwana a hannun 'yan sanda. Har yau ba a gabatar da shi a taro sai an ambaci kwanan nan. Ni ba a taɓa kama ni ba. Lokacin da aka yi kamen na zagaya fitsari.

Sai Mutuminmu ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Haka muke kiransa, don kafin ya zama wani abu ya taɓa zama a kan bencin shagona ya sha shayi, har ya ce mini jawabina yana ratsa jiki. Ni na buga masa hotunan kamfe. Bai daɗe a kan mulki ba rikici ya tashi a kan iyaka, ya tura sojoji. Bai kira abin yaƙi ba, ya ce aikin maido da zaman lafiya ne. Amma manyan motocin da ke wucewa ta gaban shagona irin na da ne, kuma samarin da ke ciki haka suke kallon titi.

Muka kira taro. Lauya, sakatarenmu, wanda bai gama karatun lauya ba amma sunan ya bi shi, ya ce in muka fita titi yanzu mun miƙa wa 'yan adawa sanda su doki namu.

"Wancan shugaban da muka yi wa zanga-zanga mugu ne," in ji shi. "Wannan kuwa dole aka yi masa."

Na miƙe na kawo shawarar a ba Mutuminmu lokaci, a naɗe ƙyallen tukuna. Na yi magana mai daɗi a kan haƙuri da hangen nesa. Abin da ban ambata ba shi ne raɗe-raɗin da ake yi cewa za a kafa kwamitin ba shugaba shawara kan zaman lafiya, an ware wa ƙungiyarmu kujera ɗaya, kuma tuni na kai wa tela yadi. Lauya ya zagaya da ido, kowa ya ɗaga hannu. Aka tashi.

Matata, Maman 'Yan Biyu, ita ma 'yar ƙungiya ce tun farko. Mun sa ta ne don kada a ce ba mu da mata. Ita ke dafa shayin taro, ita ke kalmashe bakin ƙyalle in ya zare. Ƙaninta, autan gidansu, wanda ta goya ta yi wa tsarki, direba ne a soja, kuma yana cikin waɗanda aka tura.

Asabar ta zagayo, ta shigo shago ta ce, "Baban 'Yan Biyu, akwai kwalin da ba ka so?"

Na ba ta kwalin takarda. Na zaci kaji za ta saka. Sai da rana wani mai gyaran babur ya leƙo ya ce, "Oga, yau madam ka tura ta wakilce ka?"

Na je na leƙa daga bayan rumfar mai sayar da takalma. Tana tsaye ita kaɗai a shataletale, ta ɗaga kwalin. Ta rubuta "A dawo mana da su" da alƙalamin nan mai kaurin baki da ake kira maka, rubutun ya karkace, kalmar ƙarshe ta matse a gefe. Matar mai ɗab'i guda! Abin da ya fara ba ni haushi ke nan.

Da ta dawo na ce mata ƙungiya ta yanke a yi shiru.

"Yaushe?"

"A gabanki aka yi."

"A'a. Lokacin da kuke ɗaga hannu na fita ƙaro ruwan zafi. Na dawo na tarar kuna tafi. Wa ya tambaye ni?"

Shekarun nan duka, Lauya in zai ƙirga hannuwa daga benci yake farawa ya ƙare a kan kujerata. Bai taɓa juyawa wajen butar shayi ba. Ni ma haka.

"To, ai kin ji dalilan," na ce.

"Na ji. Kai ka ce sai kowa ya yarda. Ni ban yarda ba."

Na bar ta, ina cewa rana za ta koro ta. Asabar ta gaba wata mai sayar da kifi ta tsaya kusa da ita, ɗanta ma yana can. Sannan wasu mata suka zo da hotunan 'ya'yansu. Kafin wata ya ƙare sai da 'yan sanda suka riƙa karkatar da motoci. Mu a zamaninmu, in muka cika mutum ashirin sai in kasa cin abinci don murna.

Wata safiya wata 'yar jarida ta shigo shago da mai ɗaukar hoto. Na gyara hula, na ja ciki, na fara tsara inda zan soma tarihin gwagwarmayata.

"Sannu Baba," ta ce. "Kai ne mijinta?"

Na ce haka ake faɗa.

"Ko za ka ɗan matsa? Muna so mu ɗauki inda ta samo kwalin."

Na matsa. An ɗauki hoton kwalayena daga kusurwa uku.

A gida na yi ƙoƙarin taimaka mata, don Allah. Na ce taro irin wannan yana buƙatar jawabi, zan iya rubuta mata, in kuma kunya take ji sai in karanta.

"Ba ma jawabi," ta ce, tana tsince shinkafa.

"To me kuke yi?"

"Tsayuwa."

"Tsayuwa kawai? Ba bayani a kan tushen rikicin?"

"Sun san tushen. Su suka haifi yaran."

Na shiga ɗaki na kwanta ina kallon silin. Ni da na ƙarar da maƙogwarona a shataletalen nan, ko mai rake bai taɓa tsayawa ya saurare ni har ƙarshe ba.

Ana nan Lauya ya zo ya ja ni bayan injin. Ya ce saƙo ya zo daga sama. Kujerar kwamiti tawa ce, an ma ambaci sunana. Sharaɗi ɗaya: ƙungiya ta nuna ba da yawunta ake tsayuwar nan ba. A kori Maman 'Yan Biyu.

"Kora ce ta baki kawai," ya ce. "Ba cewa aka yi ka sake ta ba. Ita ba ta da ƙuri'a tunda ita ake tuhuma. Kai dai ka ɗaga hannu."

Ban ce a'a ba. Na ce zan duba. A hanya ma na biya wajen tela, ya ce saura maɓallai.

Ranar taron ta dafa shayi kamar kullum, ta zauna kusa da butarta. Lauya ya yi dogon bayani a kan ɗa'a da biyayya ga shawarar ƙungiya. Gwaggo, tsohuwar malamar makaranta da ta girme mu duka, ta ɗaga hannu tana kallon ƙasa, ta ce ita dai ba ta so a ce mu muka kayar da namu. Sauran suka bi. Aka zo kan Dogo. Ya ɗaga nasa a hankali, kamar an ɗaura masa dutse.

"Zan bi jama'a," ya ce. "Amma ku sani, gobe ba wanda zai tuna da sunan ɗayanmu. Za a ce ga matar da abokan tafiyarta suka kora saboda ta ƙi yin shiru. Ni kwana ɗaya na yi a tsare, kun ga yadda ake yi da ni. Ita kuwa har jikoki."

Yana faɗa yana kallonta da wani irin girmamawa da bai taɓa kallona da shi ba.

Saura ni. Hannuna ya riga ya baro gwiwa. Sai na hango abin tiryan-tiryan: hotonta a shafin farko, 'yan makaranta suna haddace labarinta, ni kuma a can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, mijinta ma yana cikin waɗanda suka kore ta. Ga taro ta samu, ga 'yan jarida, yanzu kuma ni da hannuna zan ƙara mata kora? Abin da na yi shekaru ina nema ko ƙyallinsa ban gani ba?

"Ban yarda ba," na ce.

Gwaggo ta fashe da kuka, ta ce wallahi yau ta ga namiji, ta sauke hannunta. Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u.

Lauya ya miƙe, jijiyar wuyansa ta fito. "Kai ka kawo shawarar shirun nan! Kai ka sa muka naɗe ƙyalle! Kujerar kuma ka manta da ita. Tunda haka ne, ina kawo ƙudurin a kori Lasifika da kansa, saboda yaudarar ƙungiya."

Wani daɗi ya kama ni da na hango yadda za a ba da labarina. Mutumin da aka kora saboda ya tsaya wa matarsa da gaskiya, ya rasa kujerar gwamnati. Ko Dogo ba shi da irin wannan. Na haɗe fuska don kada murna ta fito, na ce in ƙungiya ta ga haka ya dace, ba zan roƙi kowa ba. Na yi wa Gwaggo alama da ido ta ɗaga, kada ta ɓata mini. Hannuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Lauya ya ƙirga daga benci, ya buɗe baki zai sanar, sai ya tuna. Ya juya wajen butar shayi.

Maman 'Yan Biyu ta dube ni. Shekarunmu tare sun isa ta san yadda fuskata take in ina ɓoye daɗi.

"Ban yarda ba," ta ce, ta ci gaba da ɗauraye kofuna.

Haka aka watse. Ba a kori kowa ba, ba a janye shirun ba, kujerar kuma daga baya Lauya aka ba.

Muna tafiya gida, ni ɗauke da butar, na kasa haƙuri.

"Me ya sa kika hana?"

"Don in ka samu korar nan ba za mu ƙara jin wata magana a gidan ba har mu mutu."

"Ni fa saboda ke na yi."

"Na sani, Baban 'Yan Biyu. Allah ya saka."

Yadda ta faɗa, ban san ko in ce amin ba. Muka wuce mai gyaran babur, ya ɗaga mata hannu, ni ya ce mini sannu da ɗawainiya.

Sai da muka kusa ƙofar gida ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Auta ya daina kira. Wayarsa ba ta shiga."

Ban san haka ba. Ban tambaya ba. Na tsaya da buta a hannu.

"Ranar Asabar ka zo," ta ce. "Akwai wata tsohuwa da ke zuwa, ƙafafunta ba sa ɗaukar tsayuwa. Ka kawo mata kujerar shago."

"Sai me kuma?"

"Sai ka tsaya a bayanta, kada a ture ta."