Zaren da Yaya Mudassir Yake Sayo Min

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ba mai yawan magana ba ce, kuma karatuna a firamare ya tsaya. Amma abin ya ƙi barin kaina.

Yayana Mudassir zai je gwajin shiga makarantar sojoji ranar Laraba. Tun yana ƙarami ba shi da buri sai tuƙa jirgin sama. An ce za a duba idonsa, har da yadda yake gane launi. Ni kuwa ɗinkin hula nake yi, kuma shi ke sayo min zare in zai shiga kasuwa. In na ce ja, wani lokaci kore yake kawowa. Sai in karɓa in ce na gode, daga baya in ba ƙawata ta canzo min. Ta yaya zan dubi yayana in ce masa idonsa ne?

To, jiya da dare na yi wani mafarki.

Na gan ni a ƙofar makarantar sojojin, da kwandon zarena a hannu. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama, don haka kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki. Yaya yana gabana a layi.

A ofis muka tarar da wani bunsuru cikin kaki, da tabarau a ido, da wani kuma a ƙaho.

Ya ce wa Yaya, "Ido nawa ka zo da su?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"Naka ne ko na aro?"

"Nawa ne."

"Ajiye su a faranti."

Yaya ya cire ya ajiye. Wata akuya ta ɗauraye su da ruwan buta, ta shanya a igiya, da suka sha iska ta mayar masa.

Sai ga mu a fili. An kafa allon haruffa can a wani gari, bayan dutse. Yaya ya karanta har layin ƙasa, ya ƙara da cewa mai riƙe da allon bai karya kumallo ba. Aka aika aka tambaya, aka ce gaskiya ne.

Bunsurun ya ce, "Ganin nesa ya yi. Saura launi."

Sai ga mu a sama. Jirgin ƙatuwar ƙwarya ce mai fukafukan tabarma. Yaya yana tuƙi, bunsurun yana gefensa, ni ina baya. Na leƙa na hango gidanmu, Inna tana shanya barkono a rufin ɗaki. A gaban Yaya akwai fitilu biyu.

Bunsurun ya ce, "Kore, ka sauka. Ja, kada ka sauka, akwai raƙumi kwance a filin."

Jar fitilar ta kama.

Yaya ya ce, "Alhamdulillahi, kore." Ya karkata ƙwaryar ƙasa.

Na buɗe baki zan yi magana, sai zare ya fito. Jan zare ne, mai kyau, irin wanda ba ya zuba a wanki. Ina ta zaro shi ina naɗewa a yatsa, ya ƙi ƙarewa.

Bunsurun ya waiwayo. "Malama, da magana ne?"

Na ce, "A'a, na gode."

Ya ce, "Madalla da fasinja mai ladabi." Ya kama bakin zaren yana ci.

Raƙumin ya ɗago kai ya ce mana sannu da zuwa, amma bai matsa ba. Muna ta gangarowa, har ina ganin ƙudan da ke kan hancinsa. Sai Yaya ya juyo, da muryar nan da yake min in ya dawo daga kasuwa.

"Huwaila, shi ne dai, ko?"

Ban kai ga amsawa ba na ji ƙwal, ƙwal. Na farka, ashe Inna ce ke zura guga a rijiya, yana bugun gefe.

Da gari ya waye na sami Yaya a kan tabarma yana shan koko. Na gaishe shi. Na ajiye zare biyu, ja da kore, kusa da kwanonsa.

Na ce, "Yaya, don Allah miƙo min jan."

Ya ce, "Ke hannunki ciwo yake?" Ya yi dariya, ya kai hannu, ya ɗan tsaya, sannan ya miƙo min kore.

Wannan karon ban ce na gode ba.

Na ce, "Wannan kore ne, Yaya."

Ya daɗe yana kallon zaren biyu. Ya ajiye ludayin.

"Tun yaushe?"

"Tun hular da na yi wa Baba da babbar Sallah."

Bai ƙarasa kokon ba. Ya ce in sako hijabi in raka shi asibitin ido, ya ji daga bakin likita kafin Laraba. Na kwashe zaren duka biyun na sa a jaka, na bi bayansa.