Bafaranshe a Majalisar Rietbalm

Ban taɓa son Anselme ba, ko da yake shi ke auren ƙanwata Regula. Bafaranshe ne. Ya zo garinmu Rietbalm, a ƙasar Suwizalan, gyaran injin tsaga katako, ya zauna, ya zama ɗan ƙasa, har aka zaɓe shi cikin majalisar gari ta mutum biyar. Ni ma ina ciki. Rufin gidaje ne sana'ata, ban yi dogon karatu ba, amma na san yadda ake riƙe gari.

Makarantar kan dutse ce ta haɗa mu. Yara sun ragu, Regula ce kaɗai malama a cikinta. In aka rufe, za a riƙa kwasar yaran a mota zuwa kwari, ita kuma aikinta ya ƙare.

Muka rufe ƙofa muka yi ƙuri'a. Uku suka ce a rufe makarantar, ni da Anselme muka ce a bar ta. A wurinmu, da zarar an buɗe ƙofar nan, bakin majalisa ɗaya ne. Wanda aka kayar ma zai fita ya kare abin da aka yanke, kuma ba ya faɗin wa ya ce me. Hukuncin ƙarshe na jama'a ne, ranar taron gari, da ɗaga hannu. Shugabarmu, Uwargida Hosli, ta ce ni zan gabatar da shawarar a taron. Na ce to.

Muna fitowa Anselme ya ja ni gidan abincin Balz, aka kawo mana dankali da narkakken cuku.

"Suruki, kai mutum ne ko kujera?" in ji shi. "A Faransa da tuni mun tare hanya da motocin noma, mun jibge taki a ƙofar ofis."

Na ce, "Na san ku. Ku naɗa shugaba yau kamar sarki, gobe ku fita ƙona masa tayoyi."

"To Ingila fa? Wanda aka kayar yana da bencinsa, ya zauna yana fuskantar gwamnati yana zazzaga mata. Ku kuwa kun cusa kowa a bargo ɗaya, kowa na jin warin ɗan'uwansa, an hana shi toshe hanci."

"Ci dankalinka ka saurara. Jama'a na son makarantar nan. Zan karanta shawarar a sanyaye. Balz zai tashi daga cikin jama'a ya soke ta, hannaye su kayar da mu, kowa ya tafi gida da mutuncinsa. Naka kawai ka kama bakinka."

Ya yi dariya, ya ce wannan munafunci ne mai tsabta irin na mutanen Suwizalan.

Ranar Asabar da hantsi zauren gari ya cika. Ban kai rabin bayanina ba sai Anselme ya miƙe daga teburin majalisa. Ya ce shi ɗan adawa ne. Ya nuna Uwargida Hosli da yatsa, ya kira sunayen sauran biyun, ya faɗi abin da kowannensu ya ce a bayan ƙofa. Ya iya magana, ba zan hana shi wannan ba. Ya tsaya yana jiran tafi. Ko tari ba a yi ba.

Tsoho Melchior, wanda jikokinsa ke makarantar, ya ce daga baya, "Yau asirinsu ka tona, Bafaranshe. Gobe na wa?"

Anselme ya juyo gare ni. "Ku tambayi surukina. Da ni ya tsaya a ciki. Faɗa musu, Fridolin."

Duk idanu suka dawo kaina, har na Regula. In na amsa masa, ƙofar nan ta zama labule, ba wanda zai sake faɗin gaskiyar ransa a bayanta. Na ce, "Majalisa ta ce a rufe, ni kuma ɗan majalisa ne." Karanta shawarar a sanyaye ba zai yiwu ba kuma, don kowa zai ɗauka alama nake yi masa. Na kare shawarar da ƙarfina: rufin da ke yoyo, ajin da babu kowa, hanyar da ƙanƙara ke toshewa. Balz ya naɗe hannu a ƙirji, bai tashi ba. Ba mai son a ce yana bayan mai tonon asiri.

Aka ce a ɗaga hannu. Nawa ya fara tashi. Na Melchior ya bi. An rufe makarantar.

A bakin ƙofa Anselme ya tare ni yana huci, ya ce na sayar da ƙanwata. Regula ta zo ta tsaya tsakaninmu tana ɗaura gyalenta.

Ta ce wa mijinta, "Jawabi ya yi daɗi, maigida. Litinin sai ka nemo mini aiki a Faransa."

Ni ko kallona ba ta yi ba.

Yanzu Anselme ya rataya wani ƙyalle a barandarsa, an rubuta zanga-zanga da jan fenti. Kullum ina wucewa ta ƙarƙashinsa in zan tafi aiki. Ruwan sama ya fara wanke rubutun.